Inda na kai da tsofaffin waƙoƙin Ayalan: amon ƙasa, jita da numfashi

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyo, barkanmu da war haka. An kwana biyu ban kawo rahoton inda na kai ba, aiki ne ya sha kaina ga sanyin garin nan mai sa yatsu su ƙage, amma dai ban ajiye jitar ba. Abin da na sa a gaba tun shigowar hunturu waƙa biyu ce kacal, The Wild Rover da She Moved Through the Fair, kuma duk biyun ina so ne in yi su irin yadda matasan mawaƙan Dublin na yanzu ke yi, wato a ja waƙar a hankali a ɗora ta kan amo guda ɗaya dogo wanda ba ya yankewa tun farko har ƙarshe. Su drone suke ce masa, ni a nan amon ƙasa zan riƙa cewa don mu gane juna.

Bari in fara da Wild Rover don ita ta fi cin lokacina. Duk wanda ya taɓa ratsa unguwar Temple Bar a Dublin da yamma, inda 'yan yawon buɗe ido ke cika, ya ji ta ko bai so ba, ta ƙofar kowace mashaya take fitowa. Sigar da duniya ta sani ita ce wadda ƙungiyar The Dubliners suka sa a faifansu na 1964, bugu uku-uku mai sauri, in an zo amshi kowa ya tafa sau huɗu ko ya doki tebur, ana ihu ana ɗaga kofi sama. In ka ji ta a haka sai ka rantse yabon giya ake yi. Alhali in ka zauna ka bi baitocin ɗaya bayan ɗaya, labarin mutum ne da ya kwashe shekaru yana ƙarar da abin hannunsa a gidan giya, ya koma wajen matar da ke sayar da ita ya ce ta ba shi bashi ta ce Allah ya kashe ta ba ta bayarwa, da ya zaro kuɗi daga aljihu nan take fuskarta ta sake ta fara tallata masa mai kyaun. Asalinta ma irin waƙoƙin nan ne da ake bugawa a takarda ana sayarwa a titunan Ingila tun ƙarni na 17, waƙoƙin jan kunnen magidanta masu barin iyali da yunwa. Wato waƙar wa'azi ce mutane suka mayar ta casu.

To sai ga ƙungiyar Lankum. Su huɗu ne 'yan Dublin, Ian Lynch da ɗan uwansa Daragh, da Cormac MacDiarmada, da Radie Peat wadda ita ce ta rera wannan ɗin. A albam ɗinsu The Livelong Day na 2019 suka buɗe da ita, wajen minti goma, kuma albam ɗin ya ci kyautar RTÉ Choice Music Prize. Babu tafi, babu ihu, karin ma daban yake da wanda aka saba, kuma abin da ya burge ni shi ne ba su suka ƙirƙiri karin ba, tsohuwar siga ce da suka samu daga bakin Dónal Maguire, mawaƙi ɗan garin Drogheda. A cikinta akwai baitin da mutumin ke lissafa abin da kuɗin da ya zubar za su iya saya masa, gona ce, rainon 'ya'ya ne, kuma wallahi in ta kai wajen sai ka ji jikinka ya yi sanyi. Bayan an gama kalmomi kiɗan bai tsaya ba, amon ƙasan nan ne ke ta kumbura yana ƙara nauyi har sifika ta fara rawa. Shi ya sa nake cewa sabuntawar da suka yi, rabinta komawa baya ne suka tono abin da aka binne.

Yanzu yadda nake gwada abin a ɗaki. Su Lankum suna da hamoniyam, akwatin nan da muke gani a finafinan Indiya ana matsa shi da hannu ɗaya ana danna da ɗaya, ga konsatina, ƙaramin akwatin da ake matsawa tsakanin hannu biyu, ga goge irin nasu ga uilleann pipes, abin busarsu mai jakar iska. Ni ba ni da ko ɗaya. Manhaja na sauke a waya, irin wadda masu koyon kiɗan Indiya ke amfani da ita, na saita ta a D da A (sunayen matakan sauti ne a kiɗa) ta yi ta gunji, na haɗa da ƙaramar sifika saboda sifikar waya ba ta fitar da ƙasan sautin sam, sai ƙara kawai. Sannan na sauya ɗaurin jita zuwa DADGAD. Ga wanda bai taɓa yi ba abin ba wuya: daga ɗaurin da aka saba, tsirkiya ta shida mai kauri ka sassauta ta daga E zuwa D, ta biyu daga B zuwa A, ta ɗaya siririyar daga E zuwa D, sauran ukun ka ƙyale su. In ka kaɗa duka shidan ba ka danna komai ba za ka ji sautin a buɗe yake, bai karkata wajen murna ba bai karkata wajen baƙin ciki ba, saboda muryar tsakiyan nan da ke raba meja (mai murna) da maina (mai baƙin ciki) ba ta ciki. Ka ga kenan muryarka ce za ta yanke hukunci. In D ya yi maka ƙasa da yawa sa kafo, abin nan da ake maƙala wa wuyan jita ya danne tsirkiyoyi, a gaɓa ta biyu ka koma E, amma fa ka tuna ka sauya na wayar shi ma.

Wahalar da nake ciki a yanzu, kuma ina jin duk wanda ya gwada zai haɗu da ita, ita ce amon ƙasa ba ya rufa wa mutum asiri. Lokacin da kake kaɗa kod uku da sauri, wato haɗe-haɗen sautukan da ake kaɗawa tare, ko muryarka ta ɗan zame ba wanda zai lura, kod na gaba ya zo ya share. Nan kuwa D ɗin yana nan zaune, kowace murya ka fitar da shi ake auna ta. In ka hau A daidai sai ka ji sautin ya tsaya cak, in ka ɗan gaza kaɗan sai ka ji wani kaɗawa wu-wu-wu tsakanin muryarka da sifika, kana matsowa daidai kaɗawar tana raguwa har ta ɓace. Wannan kaɗawar ita ce malamina yanzu. Kafin in taɓa waƙa sai na tsaya a D, in hau A, in dawo, in hau E wadda ke gogar D ɗin tana neman faɗa da shi, in riƙe ta a nan har kunne ya fara roƙon a sauka, sannan in sauka. A wannan gogayyar daɗin salon yake, ita ce ke yin aikin da canjin kod ke yi a sauran kiɗa. Na lura kuma ina farawa daidai amma zuwa baiti na uku na ɗan sauko ƙasa, musamman in na gaji, to sai na ɗauka a waya na saurara washegari da iyafis. Ba daɗi jin muryar kai amma ba makawa.

Sai numfashi. In ka rage gudun waƙa da rabi, layin da numfashi ɗaya ke ɗauka ya koma na biyu, to a ina za ka yanke? Takarda na ɗauko na rubuta baitocin da hannu, na riƙa sa alama da jan biro inda magana ta yarda a tsaya, don in ka yanke a tsakiyar jimla labarin ya watse ko da kiɗan bai ɓaci ba. Masu pipes ba su da wannan matsalar, zuga-zugi ne ɗaure a gwiwar hannu ɗaya yana cika jakar fata da ke ƙarƙashin ɗaya hammatar, iska ba ta yankewa, ga bututu uku duk a D suna ta yi a ƙasa, aikin da mai algaita ke yi da kumatunsa su jaka ce ke yi musu. UNESCO ma ta sa wannan busar a jerin kayan gadon duniya a 2017. Mai rerawa kuwa dabara ya nema, kuma dabarar tana wajen tsofaffi.

Shi ya kai ni ga Joe Heaney. Mutumin Carna ne a yankin Connemara can yamma inda har yau ake jin harshen Ayalan na asali a gida, an haife shi 1919 ya rasu 1984 a Seattle, ya yi shekaru yana aikin tsaron ƙofa a wani gidan bene a New York kafin jami'a ta ɗauke shi koyarwa. Salon da yake yi sean-nós ake ce masa, murya ce zalla ba kiɗa ba amshi ba bugun da za ka bi da ƙafa. Ku saurare shi da kyau a ƙarshen layi, ba ya sakin sautin, sai ya rufe baki ya bar shi yana fita ta hanci, in kalma ta ƙare da n ko m ko l nan yake zama ya ja, ba kan wasali ba. Wato amon ƙasan yana cikin kansa tun kafin a kawo wani hamoniyam. Da na koma na saurari Radie Peat da wannan kunnen sai na ji abin nan dai take yi, da murya mai kaushi wadda ba ta neman ta yi zaƙi. Ina rage gudun bidiyo a YouTube zuwa 0.75 don in kama lanƙwasar da yake yi a kan gaɓa ɗaya, murya uku ko huɗu yake zagayawa kafin ya sauka, kuma ba ya yinta iri ɗaya a baiti biyu. Ni dai ɗaya nake sawa a layi yanzu, in na sa biyu sai numfashi ya ƙare kafin a kai gida. Wanda ke son tsofaffin ɗauka ya leƙa Irish Traditional Music Archive, tun 1987 suke tarawa, gidansu na Merrion Square a Dublin, kuma da yawa suna intanet kyauta.

Waƙa ta biyu, She Moved Through the Fair, ta fi sauƙin kamawa amma tana da tarko guda. A D ake yinta amma C ɗin da ke ciki ba mai kaifin nan ba ne da hannu ya saba, C ne fili, rabin taki ƙasa, kuma shi ne duk sirrin karin, in ka ɗaga shi waƙar ta zama wata aba daban mai zaƙi-zaƙi. A 'yar sarewar nan ta ƙarfe mai huda shida, tin whistle, in ka buɗe duka hudojin mai kaifin ne zai fito, don haka sai ka bar ta sama a buɗe ka rufe biyun da ke bin ta. A tawa yana ɗan haurawa sama sai na rage ƙarfin busa. Ɗan uwan da ya tambayi kuɗinta, Yuro goma da 'yan kai ne a shagon kayan kiɗa, ka ce ta D kake so. Kwalliyar da nake koyo a kanta biyu ce, ka ɗaga yatsan sama ka mayar da sauri ba tare da ka tsayar da iska ba, ko ka doki hudar da ke ƙasa, in ka haɗa su a jere ya zama abin da suke kira roll. A waƙa mai tafiya a hankali kaɗan ake sawa, ni sarewar ma tsakanin baiti kawai nake shigo da ita don murya ta huta.

Tarihin wannan waƙar ne ya sa na daina jin tsoron masu cewa kar a taɓa kayan gargajiya. Masanin kiɗa Herbert Hughes ne ya ɗauko karin a yankin Donegal, mawallafi Padraic Colum ya tsara yawancin baitocin, aka buga a 1909. Shekaru bayan nan Margaret Barry, mawaƙiyar titi 'yar Cork mai yawo da banjo daga kasuwa zuwa kasuwa, ta shahara da ita har masu bincike suka ɗauka daga kakanni ta gada, da aka tambaye ta sai ta ce a faifan garmaho na John McCormack ta koya, mutumin da ke rera waƙa a manyan zauruka da kwat. Sai makaɗin jita Davey Graham a Ingila, wanda shi ake danganta wa ɗaurin DADGAD ɗin nan bayan ya je Maroko ya ji kiɗan can a farkon shekarun 1960, ya mayar da ita kiɗan jita zalla. Simple Minds suka ɗauki karin suka yi Belfast Child a 1989, Sinéad O'Connor ta rera ta a fim ɗin Michael Collins na 1996. To wacce ce ta asalin a ciki? Har labarin ma kowa da yadda yake juya shi, budurwa ce ta yi wa saurayi alkawarin aure ya kusa, ya bi ta da kallo tana ratsa kasuwa ta tafi, a baitin ƙarshe ta zo masa da dare, wasu mawaƙan suna nuna ta riga ta mutu wasu kuma su bar shi a mafarki. Ni na zaɓi in bar shi a rufe, ban ƙara komai ba, sai dai a baitin nan ina ɗauke hannu daga jita in bar amon ƙasa shi kaɗai da murya.

Kayan kiɗan ma haka. Buzuki, abin kaɗawa mai tsirkiya da dogon wuya, na Girka ne, Johnny Moynihan ya shigo da shi a shekarun 1960, Andy Irvine da Dónal Lunny suka zaunar da shi a ƙungiyarsu Planxty daga 1972, yau kowa gani yake na gado ne. Banjo kuwa bayin da aka kwasa daga Yammacin Afirka ne suka ƙera shi a can ƙetaren teku kafin ya zagayo nan. Wata tsohuwar waƙar, Whiskey in the Jar, ba zan daɗe a kanta ba, Thin Lizzy sun sa mata jitar lantarki a 1972, Metallica suka ƙara mata ƙarfi a 1998, ina jin daɗinsu a mota amma ba abin da zan koya a ciki a matakin da nake, don can kiɗan ne a gaba labarin yana baya.

Amma fa kar ku ɗauka duk wanda ya ja waƙa ya sa mata gunji ya yi abin kirki. Tun da albam ɗin Lankum mai suna False Lankum ya fito a 2023 har ya shiga jerin masu takarar kyautar Mercury Prize ta Birtaniya, na ji ɗauka da yawa a intanet na masu kwaikwayo, kowace waƙa an mayar da ita makoki, minti takwas ana nishi ba a san inda aka dosa ba. Wild Rover ta karɓi wannan salon ne saboda nadamar tana cikin kalmomin tun asali. Ka ɗauko waƙar barkwanci ka yi mata haka ka kashe ta. The Mary Wallopers na Dundalk ai kishiyar hanya suka bi, da sauri da ihu da dariya, kuma su ma sabuntawa ce. John Francis Flynn kuma yana haɗa murya da na'urar maimaita sauti da ƙarar lantarki, wani lokaci ya busa sarewa biyu a baki ɗaya, amma in ka cire duk wannan ka bar muryarsa waƙar tana tsaye da ƙafarta. Wannan shi ne gwajin da na ɗora wa kaina yanzu, sai na iya rera waƙa daga farko har ƙarshe ba waya ba jita, kari bai karkace ba labari bai ɓace ba, sannan in yarda in sa mata kaya.

Akwai zaman mawaƙa da nake zuwa jefi-jefi, a ɗakin sama na wata mashaya ake yi, ni lemo nake karɓa in nemi kujerar gefe. Ba makirufo ba dandamali. In an kira mutum sai ɗakin ya yi tsit, har mai kawo kofuna tsayawa yake a bakin ƙofa, mai rerawa yana zaune a inda yake ido a rufe, wani ma bango yake fuskanta. Tsakanin baiti sai ka ji wani daga baya ya jefa kalmar ƙarfafa gwiwa a hankali. Wani dattijo da ke zuwa, in ya kai layin ƙarshe ba ya rera kalmomin ƙarshen, faɗinsu yake yi da baki kawai da sauri, alamar ya gama, kuma ashe tsohuwar al'ada ce. Na gwada hakan a ƙarshen Wild Rover a ɗaki ya zauna daram, ya ma warware min matsalar yadda zan fita daga waƙar ba tare da dogon kiɗan da Lankum ke rufewa da shi ba, tunda ni ba ni da mutum huɗu da situdiyo. Ban rera a gabansu ba tukuna.

Maganar lafazi da wata 'yar uwa ta taso da ita, ko sai mun kwaikwayi harshen 'yan Dublin. Ni ra'ayina a'a. Su kansu Lankum da ire-irensu abin da ya fito da su shi ne sun ƙi rera waƙa da lafazin Amurka, kowa da harshen unguwarsu, Lisa O'Neill da na Cavan ɗinta ba ta sassauta ko kaɗan. In na ce zan murɗe baki in zama ɗan Dublin wasan kwaikwayo zan yi. Abin da nake kula da shi kawai kalmomi su fito a ji su, musamman baƙaƙen ƙarshen kalma da bakinmu ya saba haɗiyewa ko ya ƙara musu wasali, don a kansu ake zama a ja sautin. Waƙoƙin harshen Ayalan na asali kam ban taɓa su ba, sai na samu mai gyara min furuci baki da baki.

Abin da ke gabana kafin rahoto na gaba: baiti na uku da na huɗu na Wild Rover su daina saukowa, in kuma gwada sauya amon ƙasan daga D da A zuwa D zalla in ji ko C ɗin She Moved Through the Fair zai fi samun wurin zama. Masu jita da suka koma DADGAD, tsirkiya ta ɗaya da ta biyu suna yin laushi bayan an sassauta su har su riƙa taɓa ƙarfen gaɓa suna zizza, in akwai wanda ya gwada saiti mai ɗan kauri ya gaya min lambar da ya saya kafin in kashe kuɗi.